Tsohon da Ke Kunna Magangarar Ruwa

Tun kafin ta dawo gida take shakkar magangarar ruwan da ke bayan garinsu. Shekara tara ta yi a ƙasa mai nisa tana karatun ruwa, yadda yake taruwa da yadda ake tilasta masa bin inda ba ya so. Da wannan karatun ta zauna ta duba taswira, ta duba yawan ruwan saman da ake samu, ta ga cewa a tsakiyar rani rafin da ke kan dutsen da ƙyar zai cika bokiti, balle ya faɗo daga tsayin bene shida yana ruri. Amma ga hotunan mutane a waya, a tsakiyar ranin, suna tsaye a gindin dutse farin ruwa na zuba a bayansu. Ko dai lissafinta ne ya yi ƙarya ko hotunan. Mutum ɗaya ne ya taɓa yi mata bayani, tun tana 'yar shekara shida, wato kakanta na wajen uwa, tsohon ma'aikacin hukumar ruwa da gari ke kira Mai Famfo. Cewa ya yi shi yake kunna ta. Sai dai shi ne kuma mutumin da ya ce ya taɓa ɗinke fasasshen bututu da gashin gemunsa.

Akwai abin da ya fi magangarar damunta. Tana ƙarama mai yawan kuka ce, ido na zuba hanci na zuba, sai Kaka ya laƙaba mata Yoyo, ya ce duk famfunan da ya gyara a duniya ita kaɗai ta gagare shi. Da sunan ta girma, da shi ya raka ta tasha. To ranar da ta dawo sai ta yi kuskure. Maimakon ta tambaye shi abin da ya hana shi mutuwa har yanzu, kamar yadda ta saba, sai ta durƙusa cikin ladabi ta tambayi hawan jininsa, har ta ciro masa na'urar awo a kwali. Tsohon ya dubi na'urar, ya dube ta, ya miƙe tsaye da gwiwoyinsa masu ƙara, ya share mata kujera da hularsa. Mako uku ke nan bai furta sunan ba. 'Yan gidan suna ta dariya, ita kaɗai ta san horo ake yi mata.

Ranar Asabar da safe ta same shi a ɗakinsa, tsakanin gwangwanayen ƙusoshi da kawunan famfo da ya jera a kan kantar katako bisa ga shekarun da ya cire su.

"Lafiya lau, ranki ya daɗe," in ji shi, yana ƙoƙarin miƙewa. "Ya gajiyar Injiniya? Da fatan an samu barci a wannan gida namu na talakawa."

"Kaka, a gidan nan aka haife ni."

"Haka muke ji ana faɗa. Muna alfahari."

Ta ja numfashi, ta fito da abin da ta kwana tana shiryawa. "Wai kai tsohon nan ba za ka mutu mu huta ba ne?"

Maganar ta fito kamar mai karanta takardar magani. Kaka ya gyaɗa kai da girmamawa, ya ce za a duba buƙatar Injiniya, a rubuto a takarda, kwafi uku.

Don ta tsira daga kunya sai ta kawo zancen magangara, ta ce ta yi lissafi, babu yadda za a yi ruwa ya zuba a wannan watan. Ya ce gaskiya ne, ba ya zuba sai an kunna, kuma yau Asabar, ranar aiki, in Injiniya za ta daure ta zo duba ƙananan ma'aikata. Ya nuna bayan ƙofa. Ƙarfe ne a jingine a naɗe da buhu, tsayinsa ya kai ƙirjinta, samansa da hannu biyu, ƙasansa da rami mai kusurwa huɗu. Tun tana yarinya take ganinsa, ta ɗauka sanda ce ta tsorata ɓarayi. Ya ce mabuɗi ne, kuma babba ke ɗauka.

Ta ɗaga shi, ta ji kafaɗarta ta ba da amsa. "In na kai maka shi sama za ka maido mini sunana?"

"Wane suna? Ai ga shi muna kira."

"Ka san wanda nake nufi."

"Wancan na wata yarinya ce mai baki. Ta tafi karatu ba ta dawo ba. Ina ajiye mata abinta."

A tsakar gida mahaifiyarta ta tambayi inda za su. Kaka ya ce aski, Injiniya za ta raka shi. Shekara ashirin rabon kansa da gashi, amma duk Asabar sai ya tafi aski tun safe ya dawo da yamma, da ƙarfen a kafaɗa, ya ce layi ne ya yi yawa. Mahaifiyar ta daɗe da daina yi masa gardama. Ta dai sa musu burodi da dafaffen ƙwai a leda, ta ce a gaida wanzamin.

Motar haya ta sauke su inda kwalta ta ƙare. Daga nan hanya ta ratsa lambuna, ta shiga tsakanin duwatsu, ta fara hawa. Ita ta zo da takalman hawan dutse, da agogon da ke ƙirga taku, da jakar goyo mai bututun roba da ake zuƙar ruwa ba sai an tsaya ba. Shi kuwa silifa ne a ƙafarsa, ɗaya an ɗaure shi da waya da robar famfo. Bututun ne ya ɗauke masa hankali. Ya zagaya bayanta ya duba shi sama da ƙasa, ya tambaya cikin ladabi ko Injiniya ta samu izinin hukuma kafin ta ja ruwa zuwa jikinta, ya ce a zamaninsa da ya yanke mata layi.

"A zamaninka ai ba a ƙirƙiro ruwa ba," in ji ta.

Ya ɗan tsaya. Ya ce wannan ta yi kama da magana, sai dai babu gishiri, ya ci gaba da tafiya.

Hawan ya yi tsanani. Ƙarfen yana zame mata daga kafaɗa ɗaya ta mayar ɗaya, yana kama rassan ƙaya, sau biyu yana buga mata ƙeya. Kaka yana gaba, hannu a baya, yana ba da tarihi. Ya ce da can dutsen bai kai haka tsayi ba, shi ya ƙara masa don 'yan zaman banza su daina hawowa. Wani ƙaton dutse da ya tsage biyu, ya ce tuntuɓe ya yi da shi wata rana yana sauri. Birai uku da ke zaune a kan reshe, ya ce tsofaffin leburorinsa ne da suka ƙi karɓar canjin wurin aiki.

"Shi ya sa na ga kama," ta ce tana haki. "Na tsakiyan nan har sanƙon iri ɗaya ne."

"Ranki ya daɗe an fara warkewa."

"Kuma shi ya fi ka haƙora."

"Haƙorana ba su zube ba, aro na ba da. Akwai mutum huɗu a garin nan da ke tauna da su."

"Ka karɓo abinka, ko ma daina jiƙa maka burodi kamar jariri."

Ta ga kafaɗunsa sun motsa kamar mai danne dariya, amma da ya juyo fuskarsa a ɗaure take. Ya roƙi Injiniya ta yi haƙuri da rashin kyan hanya, ya ce da an san babbar baƙuwa za ta zo da an shimfiɗa darduma. Kalmar baƙuwa ta fi ƙarfen nauyi. Ta gyara ɗaukarsa ta bi bayan tsohon.

Agogonta ya nuna taku dubu tara da wani abu lokacin da suka tsaya a inuwar wata bishiya. Ta ce don ta huta ne, amma ta lura shi ne numfashinsa ya sauya, kuma yana dafe kafaɗarsa ta dama in yana tsammanin ba ta kallo. Bakinta ya buɗe zai tambayi lafiyarsa, ta kama shi da sauri. Maimakon haka sai ta ce in zai faɗi ya faɗi a gangare, don ita ba za ta ɗauki tsofaffin ƙarafa biyu ba. Ya ce shi ba ya faɗuwa, ƙasa ce take tasowa ta gaishe shi. Ya karɓi bututun robar da ya gama zagi, ya zuƙi rabin ruwan, ya ce ɗanɗanon taya gare shi.

Rana ta kusa tsaka suka iso gindin magangarar. Wuri ne mai kyau ko babu ruwa: bangon dutse ya miƙe sama, baƙi, santsi, da dogon zane a tsakiyarsa inda ruwa ya saba bi, ƙasa kuma kwari mai fararen tsakuwa da bishiyoyi masu sanyi. Mutum kusan ashirin ne zaune a kan duwatsu, da kulolinsu da tabarminsu, duk sun ɗaga kai suna kallon busasshen dutse kamar masu jiran a ɗaga labule. A gabansu wani mai hoto mai tumbi, da lema da kyamara a wuya, yana bayani. Ya ce ruwan nan mai kunya ne, ba ya fitowa sai Asabar, kuma sai wani tsuntsu da ba a taɓa gani ba ya yi kuka sau uku. Masana sun zo daga nesa sun koma da ciwon kai. Wata mata ta ce ita makon jiya ta zo, da wanda ya gabace shi, ba ta ga ko ɗigo ba. Mai hoton ya ce tsuntsun ne ya yi tafiya, amma ana sa ran ya dawo.

Yana faɗar haka idonsa na kan Kaka. Bai gaishe shi ba, sai dai ya dubi agogo, ya dubi ƙarfen da ke kafaɗar jikar, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Nan ta tuna cewa Asabar biyun da suka wuce Kaka ya dawo daga aski da wuri, ya shige ɗaki bai ci abinci ba, ya ce wanzamin ne bai fito ba.

Ba su tsaya ba. Kaka ya kewaya bayan wani kurmi, sai ga matakala ta siminti da ciyawa ta kusa cinyewa, da allon ƙarfe da tsatsa ta goge rubutunsa. Ta ƙirga matakala ɗari da goma sha ɗaya. A ta sittin ta ce masa in ta mutu a nan fatalwarta a ɗakinsa za ta tare, ta riƙa cakuɗa masa ƙusoshi. Ya ce ta zo, dama yana neman mai shara.

Abin da ta gani a sama ya sa ta ajiye ƙarfen ba ta sani ba. Rafin yana nan yadda lissafinta ya ce, siriri, bai fi kaurin hannu ba. Amma an tare shi da 'yar madatsa ta siminti, tsohuwa, ruwan ya taru a bayanta ya zama kududdufi mai faɗin fili, kore, shiru. A tsakiyar madatsar akwai ƙofar ƙarfe, a samanta wani kan ƙarfe mai kusurwa huɗu ya leƙo, shi kaɗai ne ba tsatsa a wurin, yana ƙyalli da giris.

Kaka ya zauna a kan siminti ya yi bayani kamar mai ba da rahoto. Da can daga nan garin ke shan ruwa. Aikinsa shi ne duk Asabar ya hawo ya buɗe ƙofar ƙasa, laka ta fita, don kada madatsar ta cike. Ruwan da ya taru kwana shida sai ya bi ta kan dutsen ya faɗa ƙasa, na kwata ɗin awa, sannan a rufe. Da aka yi sabuwar madatsa a wani wuri aka manta da wannan. Da ya yi ritaya ya kai mabuɗin ofis, mai kula da kaya ya duba littafinsa ya ce babu irin wannan ƙarfe a jerin kayan hukuma, ya koma da abinsa. Shekara goma sha tara ke nan. Ta tambaye shi me ya sa bai daina ba. Ya ce ba a ba shi takardar dainawa ba, kuma mutane sun riga sun saba.

"Ashe lissafina daidai ne," in ji ta.

"Daidai ne, ranki ya daɗe. Ni ne dai ba ki sa a ciki ba."

Ya zaro usur daga aljihu, tsohon usur na ƙarfe da igiya, ya ce wannan don masu wanka a ƙasa ne, su matsa. Ya busa sau uku. Daga can ƙasa suka ji hayaniya ta tashi, da muryar mai hoto yana cewa tsuntsu ya dawo, kowa ya gyara tsayuwa.

Kaka ya nuna mata kan ƙarfen da buɗaɗɗen tafin hannu, kamar mai gabatar da babban baƙo ga kujera. Ta ɗora mabuɗin, ya zauna daram. Ta kafa ƙafafu, ta kama hannayen biyu, ta murɗa hagu, yadda ake buɗe kowane famfo a kowane littafi da ta karanta. Bai motsa ba. Ta ƙara ƙarfi. Kaka ya yaba, ya ce bai taɓa ganin tsayuwa mai ilimi irin wannan ba. Ta cire jakar goyo, ta tofa yawu a hannu, ta jingina da dukan nauyinta. Ya ce a ci gaba, ranki ya daɗe, ƙananan ma'aikata suna koyo. Ta ja baya ta faɗa wa hannun mabuɗin da ƙirji. Wani abu a can cikin simintin ya yi ƙara, irin ƙarar ƙarfen da ya kusa rabuwa da ransa.

"Ke Yoyo, sakarya, dama! Dama ake murɗawa, za ki karya mini shi!"

Ya riga ya miƙe, hularsa ta faɗi. Ita kuwa ta saki mabuɗin a hankali, ta juyo. Ta tuna, akwai tsofaffin ƙofofi da ake yi haka, ta taɓa gani a ƙasan wani shafi ta wuce. Amma ba wannan ne a ranta ba.

"Me ka ce?"

Tsohon ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe. "Cewa na yi, in Injiniya ta ga dama, wanda ya kafa ƙofar nan bahago ne."

"Ba haka ka ce ba."

"Iska ce. Tana yawa a nan sama."

Ta zauna a bakin madatsar, ta harɗe hannuwa, ta ce to iskar ta zo ta buɗe. Daga ƙasa hayaniyar ta fara sauya launi. Suka ji matar nan tana cewa ko tsuntsun ma maƙaryaci ne, mai hoto yana rantsuwa cewa wani lokaci yakan yi gyaran murya tukuna. Kaka ya dubi mabuɗin. Ya kai hannu kafaɗarsa ta dama, ya sauke. Ya ce mutane suna jira. Ta ce ita ma mako uku take jira, kuma ita ba ta zo da tabarma ba.

Ya yi tsaki mai tsawo. Sannan ya buɗe baki, abin da ya tara na mako uku ya fito gaba ɗaya, har da na shekara tara. Ya ce Yoyo mai kan buta, wadda ta ƙetare duniya don ta koyo abin da yake sha kyauta tun kafin a haifi uwarta. Yoyo da ta kawo masa na'urar awon jini kamar shi taya ne. Yoyo mai bututu a baya kamar motar kashe gobara, wadda aka ba takardar shaida mai hatimi amma ba ta san dama da hagu ba. Ya ce ta tashi ta kama ƙarfen nan kafin ya jefa ta a kududdufin ta zama abin lissafi.

"Yanzu na ji magana," in ji ta. "Matso, tsohon kwano. Ka riƙe gefe ɗaya don kada a ce ba ka yi komai ba."

Suka kama tare, shi da hannun hagu kawai, suka murɗa dama. Zagaye na farko ya yi gardama, na biyu ya saki, a na uku simintin ya fara rawa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Laka ta fara fita, baƙa, da ƙarfi, ta fantsamo ta wanke mata gaba tun daga takalman hawan dutse har goshi, shi kuwa ya riga ya koma inda ya san ba ta kaiwa. Bayan lakar sai ruwan ya biyo, fari tas, ya cika hanyarsa, ya kai bakin dutsen ya ɓace. Ƙarar faɗuwarsa ta taso daga ƙasa tare da ihun mutane. Ta rarrafa zuwa gefe ta leƙa: ruwan yana sauka kamar an warware farin yadi, feshinsa ya kama rana ya yi bakan gizo, mutane ƙanana a ƙasa suna ɗaga hannuwa, lemar mai hoto tana tafiya a kan ruwa ita kaɗai.

Ba ta san idonta na zuba ba sai da ta ji hanci ya biyo. Kaka ya leƙo fuskarta kamar mai duba bututu, ya girgiza kai, ya ce shekara tara da kuɗin jirgi, ba a ko canza mata roba ba.

Da kwata ɗin awa ya cika suka rufe, hagu wannan karon, ita kaɗai ta ƙarasa. Suka zauna a kan madatsar ta ɓare ƙwai, ta jiƙa masa burodi da sauran ruwan jakarta. Ya ci yana ƙorafin ɗanɗanon taya. Can ya ciro usur ɗin, ya goge shi a rigarsa, ya jefa mata a cinya ba tare da ya dube ta ba, ya ce ya gaji da abin, yana ɓata masa aljihu.

Ta juya usur ɗin a hannunta. Ta dubi kududdufin da ya koma rabi, da siririn rafin da ya riga ya fara cika shi don Asabar mai zuwa.

"Kaka, ranar da ka yi mana adalci ka mutu, wa zai riƙa kunna musu?"

Ya haɗiye burodinsa, ya dube ta sama da ƙasa, da lakarta da hancinta.

"Na tura wata Yoyo karatun shekara tara saboda aikin nan, ta dawo tana tambayata wa. Tashi ki ɗauki ƙarfenki. In mun isa gida kuma ki ce wa uwarki daga yau ke ma kin fara aski."